Wai meye jungle da drum and bass?

In ka ji matasan Ingila na maganar jungle ba daji suke nufi ba fa, kiɗa ne na na'ura, kuma duk sirrinsa yana cikin abin da suke kira break. Break ɗin nan shi ne ɗan wurin da mawaƙi da masu jita za su yi tsit a tsakiyar waƙa a bar mai ganga shi kaɗai yana zubawa. To shi ake yankowa daga tsohon faifai a daddatsa shi gunduwa-gunduwa a sake jerawa a ƙara masa wuta har ya kai bugu 160 zuwa 180 a minti ɗaya.

Wanda aka fi tatsa shi ne Amen break, bai wuce daƙiƙa bakwai ba, daga waƙar Amen, Brother ta ƙungiyar The Winstons ta Amurka, 1969. Dubban waƙoƙi sun ci abinci da shi amma mai gangar, Gregory Coleman, har ya rasu a 2006 ko sisin kwabo bai gani ba, abin da ciwo wallahi.

Farkon shekarun 1990 abin ya tashi a Landan da Bristol, yawanci a hannun 'ya'yan baƙaƙen fata da iyayensu suka zo daga Jamaika, shi ya sa za ka ji ƙamshin rege a ciki, ganga na gudun famfalaƙi a sama amma bas ɗin, wato sautin nan mai kauri, yana tafiyar hawainiya a ƙasa, irin mai nauyin nan da in kana kusa da sifika a ƙirji za ka ji shi ba a kunne ba. Ni dai wannan saɓanin ne ya fi burge ni, mai rawa sai ya zaɓi wanda zai bi.

Manyan gidajen rediyo da farko ko kallo bai ishe su ba, sai samari suka riƙa kafa eriya a ɓoye kan rufin dogayen benaye suna watsawa ba lasisi, irin su Kool FM da ta fara a 1991. Da aka rage muryoyin rege aka goge sautin sai sunan drum and bass ya fi kama baki, kodayake har gobe ana musu kan inda iyakar take. Makaɗi Goldie ya fitar da kundinsa Timeless a 1995, Roni Size da ƙungiyarsa Reprazent suka ɗauke Mercury, babbar kyautar kundin waƙa ta Birtaniya, a 1997, daga nan masu talla a talabijin da masu wasannin bidiyo suka yi ca a kai. Da yawa cikin yaran da suka zo suka kafa salon kiɗan grime a gabashin Landan a waɗancan rediyoyin satar suka fara koyon riƙe makirfo.