Firgitar Wanda Ya Tsere wa Yaƙi Ba Bugun Iska Ba Ce

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra a Ghana, idan baƙon da ya gudo daga rikicin Burkina Faso ya riƙa firgita cikin barci, ko ya zabura da jin ƙarar babur, sai a ce iskoki ne suka taɓa shi. Mun daɗe da wannan fahimtar, kuma tana cutar da bayin Allah.

Jikin da ya daɗe cikin tsoro yakan zauna cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce. Gaba ya riƙa faɗuwa, barci ya ƙaurace, abin da ido ya gani ya yi ta dawowa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5 a wuraren da yaƙi ya shafa yana fama da irin wannan larurar, ko tsananin damuwa da ƙuncin rai.

Addu'a tana da muhimmanci, ban musa ba. Amma a haɗa da zama kusa da shi, a saurare shi, kada a tilasta masa ba da labari. Idan abin ya wuce wata guda yana hana shi harkokinsa, a kai shi asibiti wurin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa.