Siffantawa: Abin da Ke Faruwa Idan Aka Cire "Kamar"

Siffantawa ɗaya ce daga cikin dabarun adon harshe da manazarta adabin Hausa ke ambata tare da kamantawa da jinsintarwa da alamtarwa. Ma'anarta ita ce a ɗauki sunan wani abu a laƙaba wa wani kai tsaye, ba tare da an sa kalmar kwatance a tsakaninsu ba. Idan ka ce "mutumin nan kamar kura yake", kamantawa ka yi. Idan kuwa ka ce "mutumin nan kura ne", to ka shiga siffantawa.

Wani zai ce ai kalma ɗaya ce kawai ta faɗi. Haka ne, amma ita ce ke riƙe da linzamin maganar. "Kamar" da 'yan'uwanta, irin su "tamkar" da "awa" da "sai ka ce", suna tuna wa mai sauraro cewa kwatance ake yi, ta gefe ɗaya aka yi kama. Da zarar an cire ta, sai mutumin ya kwashi halin kura gaba ɗaya: kwaɗayinta, tsoronta, yawon darenta, da rashin amanar da ya sa ba a ba ta ajiyar nama. Shi ya sa wanda aka ce masa "kamar jaki kake" zai iya yin dariya, wanda aka ce masa "kai jaki ne" kuwa sai an riƙe shi.

Malaman balagar Larabci sun fi mu tsanantawa a nan. A wurinsu "jarumin nan zaki ne" har yanzu tashbihi ne, wato kamantawa, suna kiransa tashbihi baligi, tunda an ambaci ɓangarorin biyu. Sai an ɓoye ɗaya, a ce "na ga zaki riƙe da takobi", sannan ya zama isti'ara, wato siffantawa a wurinsu. Abdulƙahir al-Jurjani, ɗaya daga cikin malaman nan, wanda ya rasu a 1078, ya yi dogon bayani a kan wannan. Nazarin Hausa, musamman tsarin feɗe waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, ya kira tashbihi da kamantawa, ya kuma kasa ta zuwa ta daidaito da ta fifiko da ta kasawa.

Abin mamaki, yawancin siffantawar da muke yi ba ma jin ta. Wuyan riga, hannun riga, bakin kogi, gindin bishiya, idon sawu: yaushe riga ta yi wuya, ko kogi ya yi baki? Sun tsufa a harshe har sun koma sunaye zalla. Farin ciki da baƙin ciki ma haka, babu wanda ya taɓa leƙa cikin ya ga launinsa.

Inda marubuci ke gwada gwaninta shi ne doguwar siffantawa, wadda ake ja daga jimla zuwa jimla. Idan ka fara da "duniya kasuwa ce", dole ka zauna a kasuwar: wani ya ci riba, wani ya karye, dillali ya yi ƙarya, rana ta yi la'asar kowa ya naɗe tabarmarsa. Nan ne kuma ake yawan yin tuntuɓe. Na taɓa gyara wani rubutu da ya ce ilimi fitila ce da za mu hau mu tsallake tekun jahilci, mu girbi 'ya'yanta. Fitila ta zama jirgi, ta koma bishiya, duk a numfashi ɗaya. Na ja layi a ƙarƙashin jimlar, na tambayi mai rubutun wanne yake so a cikin ukun. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya zaɓi fitila, muka mayar da tekun ya zama duhu.