Farfaɗo da tsohuwar Golf GTI a gida

Farfaɗo da tsohuwar Golf GTI a gida aiki ne da masu sha'awar motoci, musamman a Jamus da Birtaniya, suke yi da hannunsu a garejin gidajensu, inda mutum zai sayi motar da ta haura shekara 30, ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya, ya yanke tsatsar da ta ci jikinta, ya gyara inji da birki da wayoyi, sannan ya mayar da ita kan titi da kamannin da ta fito da su daga masana'anta. Ya sha bamban da gyaran yau da kullum, wanda burinsa kawai mota ta tashi ta kai mai ita inda za shi. Galibin masu wannan aiki ba makanikai ba ne, ma'aikata ne da suke shiga gareji da daddare ko a ƙarshen mako, shi ya sa aikin kan ci watanni, wani lokaci ma shekaru.

Asalin motar

Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf a shekarar 1974, bisa zanen ɗan Italiya Giorgetto Giugiaro, a matsayin ƙaramar motar iyali mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama. Wasu ma'aikatan kamfanin, ciki har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in hulɗa da manema labarai Anton Konrad, suka shiga gwada yadda za a ƙara mata ƙarfi ba tare da an ƙara mata nauyi ba. Abin da ya fito shi ne GTI, wadda aka nuna a bikin baje kolin motoci na Frankfurt a 1975, aka fara sayar da ita a 1976. Injinta lita 1.6 ne mai ƙarfin doki 110, nauyinta kuwa kimanin kilo 810, gudunta yana kaiwa wajen kilomita 180 a awa ɗaya. Da farko guda 5,000 aka yi niyyar ƙerawa, amma kafin a rufe zubin farko a 1983 an ƙera kusan 460,000.

Zubi na biyu na GTI ya zo a 1984 da inji lita 1.8 mai ƙarfin doki 112, daga baya aka ƙara wani mai bawul 16 da ya kai 139. A wannan zamanin ne kishiyoyinta suka yawaita, irin su Peugeot 205 GTI ta 1984 da Renault 5 GT Turbo ta 1985. Waɗannan zubi biyu na Golf su aka fi farfaɗowa, domin komai nasu yana kwancewa da sifana da sukundireba, kuma babu yawan kwamfuta a cikinsu.

Zaɓen mota

A nan ake cin riba, a nan kuma ake tafka asara. Wanda bai saba ba yakan fara da tayar da inji ya saurari ƙararsa, alhali inji shi ne abin da ya fi sauƙin gyara ko sauyawa. Jikin motar ne jari. Motar da injinta ya mutu amma ƙarfenta yana da lafiya ta fi wadda take gudu amma ƙasanta ya zama rariya, domin awannin walda sun fi komai cin kuɗi da lokaci.

Mai saye yakan je da tocila da maganaɗisu da sukundireba. Yana bi da maganaɗisun a gefen ƙofofi da bakin tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, to an cike wurin da fila an rufe da fenti. Yana ɗaga kafet ya taɓa ƙasan, idan da danshi ya san ruwa yana shigowa ta gindin gilashin gaba ko ta rufin da ake zugewa. Sannan ya kwanta ƙasa ya danna sukundireba a wuraren da ake kafa jak, ya ji ko ƙarfe ne ko ɓawo. Akwai kuma batun tabbatar da cewa motar GTI ce ta asali, domin an sha ɗaukar Golf ta gama-gari a liƙa mata tambari da jan layin nan da ke kewaye da hancin motar. Lambar shasi da haruffan da aka buga a jikin inji ne suke raba gardama: EG na inji lita 1.6 ne, DX na lita 1.8 a zubin farko, EV da PB na zubi na biyu mai bawul 8, KR kuma na mai bawul 16.

Tsatsa da walda

Babban dalilin tsatsa a Turai shi ne gishirin da ake watsawa a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin yana haɗuwa da laka ya maƙale a lunguna, ya yi ta cin ƙarfe daga ciki, har sai fenti ya fara kumbura kafin a lura. A zubin farko wuraren da suka fi lalacewa su ne dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba, da mazaunin batir, da ramin safaya, da inda aka ɗaure ƙarfen tayoyin baya. Zubi na biyu ya fi juriya saboda kakin da aka tsiyaya cikin ramukan jikinsa tun a masana'anta, amma shi ma yakan ruɓe a ƙarƙashin baƙaƙen robobin bakin taya, inda ido ba ya kaiwa.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: a yanke har sai an isa ƙarfe mai haske, a yanko sabon falle daidai da ramin, a haɗa baki da baki. Ƙarfen jikin waɗannan motoci bai cika kai kaurin milimita 1 ba, don haka ba a jan walda a miƙe. Ɗigo-ɗigo ake yi, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana barin wurin ya huce, in ba haka ba zafi ya lanƙwasa fallen ko ya huda shi. Kafin a yanke ƙarfen ƙasan ƙofa, dole a tokare ramin ƙofar da sandunan ƙarfe, domin da zarar an cire shi jikin yakan saki, kuma ƙofar ba za ta sake rufuwa daidai ba. Wannan mataki ne da masu gaggawa suke tsallakewa, kuma ba a gane kuskuren sai bayan an gama fenti, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Samun fallayen canji bai yi wuya ba idan aka kwatanta da sauran motocin zamanin. Wani ɓangare na dalilin shi ne an ci gaba da ƙera jikin zubin farko a Afirka ta Kudu da sunan Citi Golf daga 1984 har zuwa 2009, ga kuma sashen Volkswagen Classic Parts da wasu kamfanoni masu buga kwafin sassa. Sai dai kwafi ba kullum yake zama daidai ba, yakan buƙaci guduma da haƙuri.

Hanyar mai

Abin da ya fi rikita masu gyara a gida shi ne tsarin Bosch K-Jetronic da ke ba injin mai. Ba kafireta ba ne, kuma ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Iskar da injin ke zuƙa tana ɗaga wani faifan ƙarfe, faifan yana motsa wani siririn fistin a cikin akwatin rarraba mai, shi kuma yana buɗe hanya gwargwadon iskar da ta shiga, man ya tafi nozul huɗu da suke feshi ba ƙaƙƙautawa. Famfon yana tura man da matsin da ya kai wajen bar 5 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne). Tsari ne mai aminci matuƙar man yana da tsabta, amma ƙwayar datti kaɗan ta isa ta dagula shi.

A zubin farko dattin yakan fito ne daga bututun zuba mai, wanda ke bayan tayar baya inda laka take taruwa. Bututun yana ruɓewa, ɓarɓashin tsatsa da ruwa su gangara cikin tanki, daga nan su bi famfo su toshe komai. Saboda haka motar da ta daɗe a ajiye ba a yi mata gaggawar murza makulli. Ana sauke tankin a wanke, a canza bututun da matatar mai da duk robobin da suka tsage, kana a haɗa ma'aunin matsi a ga abin da tsarin yake bayarwa a sanyi da kuma bayan injin ya yi zafi. Siririn fistin nan ba a goge shi da samfefa, domin an daidaita shi da mazauninsa ne daidai wa daida. A Nijeriya, inda Golf ta gama-gari ta daɗe tana aikin haya, an saba jin an cire injekta an ɗora kafireta don sauƙin gyara. A aikin farfaɗowa wannan rage daraja ne, domin tsarin man yana cikin abubuwan da suka sa motar ta zama GTI.

Inji, giya da birki

Injin kansa mai ƙarko ne. Ana canza bel ɗin da ke juya bawul ko da ya yi kama da sabo, musamman a mai bawul 16, inda tsinkewarsa ke sa fistin ya daki bawul. Shuɗin hayaƙi daga salansa bayan an ɗaga ƙafa daga totur yawanci alama ce ta robobin bawul da suka bushe. A giyabos, giya ta biyu ce ta fi saurin fara ƙara. Birkin baya na zubi na biyu yakan cije idan motar ta daɗe ba ta motsa ba, man birki kuma yana shan danshi, don haka ake zubar da tsohon gaba ɗaya. Robobin ƙafa da shokazoba, idan aka sabunta su, sukan dawo da sauƙin juyawar da aka san motar da shi fiye da duk wani ƙarin ƙarfi da za a yi wa injin.

Haɗari

Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi. Ba a kunna walda sai an cire batir da tanki da kafet, kuma da abin kashe gobara a kusa. Fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin da ke lahanta huhu, wanda takunkumin ƙura ba ya tarewa, shi ya sa mutane da yawa suke shirya jikin a gida su kai feshin wurin masu ɗakin fenti.

Kayan ciki da doka

Ƙananan kaya sun fi manya wuyar samu: yadin kujeru mai gida-gida, kan sandar giya mai siffar ƙwallon golf, sitiyarin asali, da dashbod da rana ba ta fasa ba. Mai hankali yakan ɗauki hoton kowane abu kafin ya kwance, ya zuba notina a leda ya rubuta inda suka fito. Riƙe asali yana da amfani a gaban hukuma ma. A Jamus, tun 1997, motar da ta cika shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H ta motocin tarihi, amma sai mai bincike ya tabbatar tana cikin kyakkyawan hali kuma ba a sauya ta da kayan da ba na zamaninta ba. A Birtaniya kuwa, daga 2018, motar da ta haura shekara 40 ba a tilasta mata gwajin lafiyar shekara-shekara, muddin ba a yi mata babban sauyi ba.