Ƙwallon da ta faɗa ruwa a San Faransisko, ta wace ce?

A bayan filin Oracle Park na ƙungiyar besbol (wasan da ake bugun ƙwallo da sanda) ta Giants, a birnin San Faransisko na Amurka, akwai wani ɗan lungun teku da ake kira McCovey Cove. Ranar wasa sai ka ga ƙananan kwale-kwale sun cika wurin, kowa da ragarsa mai doguwar ƙota. Katangar filin ta wannan ɓangaren tsayinta ƙafa 24, don haka na cikin ruwa ba ya ganin 'yan wasa, ta rediyo yake bi. Jiransa ɗaya ne: a bugo ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗo tsulum. Barry Bonds, ɗan wasan Giants a lokacin, shi ne ya fara yin haka a 2000, shekarar da aka buɗe filin.

To idan ta faɗo, ta wace ce? A fahimtar shari'ar Kalifoniya, da zarar ƙwallo ta bar fili hukumar wasan ta sallama ta, ta zama ta wanda ya fara riƙe ta riƙo cikakke. Taɓa ta da filafili ko cewa "ni na fara gani" ba ya ba ka mallaka.

Wannan ya fito fili ne a wata shari'a ta 2002, kan ƙwallo ta 73 da Bonds ya bugo ta tsallake katanga a kakar 2001, wadda ta faɗa cikin 'yan kallo a wannan filin. Ta shiga safar hannun wani, jama'a suka danne shi, wani daban ya tsince ta a ƙasa. Alƙali ya ce su biyun suna da haƙƙi, a sayar a raba kuɗin biyu. Dala 450,000 aka saye ta. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin da an bar wa mai ƙarfi ya ƙwace, da turereniya ta zama hanyar samu, kuma a kan ruwa turereniya na iya cin rai.

Ba a sayen tikiti don zama a ruwan, amma dokar jiragen ruwa tana aiki. Dole kowane mutum a kwale-kwale ya kasance da rigar ceto tasa, kuma a Kalifoniya yaron da bai kai shekara 13 ba sai ya sa ta a jiki muddin jirgi na tafiya. Tuƙi cikin maye laifi ne. Idan wasan dare ne, mai kwale-kwale ya riƙe farar fitila da zai haska don kada wani jirgi ya bi ta kansa.