Miƙewar ƙarfe ta maganaɗisu a tsananin sanyi

Miƙewar maganaɗisu ita ce ɗan canjin tsayi da wasu ƙarafa ke yi idan ƙarfin maganaɗisu ya ratsa su, wani ya miƙe, wani ya tsuke. James Joule na Ingila ne ya fara auna ta a jikin baƙin ƙarfe a 1842. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da taransifoma a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina ya riga ya ji ta da kunnensa. Yawancin gurnanin nan ƙarfen ciki ne ke miƙewa yana komawa sau 100 a daƙiƙa, ninki biyu na bugun lantarkin Najeriya.

A ƙarafan yau da kullum abin bai taka kara ya karya ba. Sandar nikel mai tsawon mita 1 tsukewarta wajen milimita 0.03 ce. Sai a farkon shekarun 1960 aka gano cewa tabiyom da disfurosiyom, biyu daga cikin ƙarafan da ake kira masu wuyar samu, canjinsu kan kusanci santimita 1 a kowace mita idan an sanyaya su ƙwarai.

Asirin yana cikin ƙwayar zarra. Gajimaren ilektiron (ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye tsakiyar zarra) na waɗannan biyun ba dunƙulalle ba ne, a baje yake kamar waina. Da maganaɗisu ya juya shi, sai ya ture maƙwabtansa ta wani gefe, ya ja su ta wani, jikin ƙarfen ya bi. Gadoliniyom, ɗan'uwansu mai dunƙulallen gajimare, da ƙyar yake motsi. Zafi kuwa hargitsa jerin ƙwayoyin yake yi, shi ya sa tabiyom ba ya riƙe maganaɗisu sai wajen digiri 53 ƙasa da sifili, disfurosiyom sai wajen 185. Hunturun Daura bai kama ƙafar wannan ba. Da ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili ake aikin, ko na hiliyom mai 269.

Wannan ƙaidi ne ya sa a shekarun 1970 masu bincike na sojan ruwan Amurka suka haɗa tabiyom da disfurosiyom da baƙin ƙarfe, aka sami Terfenol-D, mai aiki ba tare da sanyaya ba. An yi asarar ƙarfi, don miƙewarsa iyakarta wajen milimita 2 ce a mita, amma ta isa a yi na'urorin aika sauti ƙarƙashin teku da shi.