Sarrafa shara a kudancin Skane

Skane yanki ne a ƙarshen kudancin ƙasar Suwidin, babban birninsa Malmo. Ƙananan hukumomi 14 na kudancin yankin, ciki har da Malmo da Lund da Trelleborg, sun mallaki kamfani ɗaya mai suna Sysav, wanda aka kafa a 1974 domin ya riƙa sarrafa sharar gidajensu. Kowace hukuma ita ke kwashe shara daga ƙofar mutanenta, kamfanin kuma ya karɓa ya tace, ya ƙona abin da za a ƙona.

Dalilin wannan haɗin gwiwa shi ne kuɗi. Ƙaramin gari ba zai iya gina tanderun ƙona shara na zamani shi kaɗai ba, ga tsadar na'urorin tace hayaƙi, ga buƙatar shara mai yawa da za ta riƙa shiga wutar dare da rana. Da aka tattara sharar garuruwan wuri ɗaya, sai lissafin ya fita.

Dokokin ƙasa su ma sun matsa. A shekarar 2000 gwamnatin Suwidin ta sanya harajin kurona (kuɗin ƙasar) 250 kan kowane tan na shara da aka kai juji. A 2002 ta hana binne sharar da za ta iya cin wuta, a 2005 kuma ta hana binne mai ruɓewa, kamar ragowar abinci, wadda idan ta ruɓe a ƙarƙashin ƙasa take fitar da iskar metan mai ɗumama yanayi. Yau ƙasa da kashi 1 cikin 100 na sharar gidajen Suwidin ke ƙarewa a juji, alhali iyakar da Tarayyar Turai ta gindaya wa mambobinta ita ce kashi 10 nan da 2035.

A tashar Sysav da ke Malmo, wutar sharar tana tafasa ruwa, tururin ya juya injin samar da lantarki, sauran zafin kuma a tura shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa ya ɗumama gidaje lokacin hunturu. Wannan ne ma ya sa ƙonawar ke da riba a ƙasa mai tsananin sanyi. Ragowar abinci kuwa dabam ake ware shi, a fitar da iskar gas ta motoci da takin gona.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Tandunan Suwidin sun fi ƙarfin sharar cikin gida, shi ya sa ake shigo da ita daga ƙasashe irin su Norway da Birtaniya, waɗanda ke biyan kuɗi a ƙona musu. Masu rajin kare muhalli na cewa tanderun da kullum yake jiran a ciyar da shi ba ya ƙarfafa rage shara, kuma robar da ke cikinta daga man fetur aka yi ta, ƙona ta na ƙara hayaƙin kabon. Tokar da ta rage ma sai an nemo mata wurin zubarwa, musamman mai gubar da ake tarowa daga matatar hayaƙi.