Haɗa sulken kwaikwayo na fina-finai

Haɗa sulken kwaikwayo sana'ar hannu ce da mutane ke yi don sha'awa, inda mutum zai ƙera irin kayan yaƙin da aka gani a jikin wani a cikin fim, ya gyara su su zauna a jikinsa, ya riƙa sawa a taruka. Sulken ba na ƙarfe ba ne kuma ba ya kare komai, yawanci na roba ne mai tauri. Abin da ya raba wannan harka da sa kayan wasa na biki shi ne sharaɗin daidaito: ana so idan aka ajiye hoton mai sanye da kayan kusa da hoton da aka ciro daga fim, a rasa gane bambanci, tun daga launin fenti har zuwa yawan notin da ke kunnen kwalkwali. Harkar ta fi ƙarfi a Amurka da Turai da Ostareliya da Japan, kuma kayan da suka fi kowane shahara a cikinta su ne fararen sulken sojojin daular da ke cikin fim ɗin Star Wars na 1977, waɗanda ake kira Stormtrooper.

Asalin kayan da ake kwaikwayo

An yi sulken asali a Ingila a 1976, cikin gaggawa, domin a watan Maris na shekarar aka fara ɗaukar fim ɗin a Tunisiya. Ralph McQuarrie ne ya yi zanen farko. Liz Moore ta sassaƙa siffar kwalkwalin da yumɓu, Brian Muir ya sassaƙa sassan jiki, sannan Andrew Ainsworth na kamfanin Shepperton Design Studios ya fitar da su da roba. John Mollo, wanda ya shugabanci aikin tufafin fim ɗin, ya samu kyautar Oscar a kansa a 1978.

Gaggawar ta bar shaida a jikin kayan. Kwalkwalin a karkace yake, idon hagu da na dama ba su zo daidai ba, ɓangaren haɓa ɗaya ya fi ɗaya kumbura. Kimanin kwalkwali 50 da aka yi don sojojin da ke nesa da kyamara an yi su ne da wata roba da fenti ba ya kama ta sosai, saboda haka farin ya riƙa ɓarewa tun ana cikin ɗauka. Wasu guda 6 kuma aka yi su da roba mai sheƙi da ake kira ABS don ɗauka ta kusa. Takalman ma na kasuwa ne aka shafa musu farin fenti, bindigar kuma an gina ta ne a kan Sterling, bindigar sojojin Birtaniya ta wancan lokaci.

Wannan ne ya sa daidaito a wannan harka yake da wata irin ma'ana da baƙo ba zai yi tsammani ba. Mai neman daidaito ba gyara kuskuren masu aikin 1976 yake yi ba, kwaikwayon kuskuren yake yi da gangan. Kwalkwalin da ɓangarorinsa biyu suka zo daidai wa daida ya fi kyan gani a kan tebur, amma masana harkar da kallo ɗaya za su ce ba shi ba ne. Akwai ma masu shafa fenti da buroshi su bar layin ya ɗan yi rawa, saboda da hannu aka zana na asalin.

Kuma kowane fim da nasa. Kwalkwalin ɗauka ta nesa na 1977 haƙora huɗu ne a kowane gefen baki, da gilashin ido shimfiɗaɗɗe, na ɗauka ta kusa kuwa haƙora uku ne da gilashi mai tudu. A fim ɗin Star Wars na 1980 an mayar da fentin bakin baƙi maimakon toka-toka, aka canza murfin bayan hannu. A na 1983 an sake fitar da sulken da sabuwar ƙira. Dole mai haɗawa ya zaɓi guda tun farko ya tsaya a kai, don gauraya su aibi ne.

Ƙungiyoyi da ma'auninsu

Babbar ƙungiyar masu wannan sha'awa ita ce 501st Legion, wadda Albin Johnson da Tom Crews suka kafa a jihar Carolina ta Kudu da ke Amurka a 1997. Yanzu tana da mambobi fiye da 10,000 a ƙasashe da dama. Ba ta karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba a shiga sai an turo hotunan mutum sanye da kayansa ta gaba da baya da gefe biyu, jami'in tantancewa na yankinsa ya duba. Ga kowane irin kaya akwai rubutaccen ma'auni mai hotuna, wanda ya lissafa kowane sashe da yadda ya kamata ya kasance. Wanda ya ci sai a ba shi lamba tasa ta har abada, wadda ga masu farin sulke take farawa da haruffan TK. Reshen da ke kula da wannan sulke yana da matakai biyu sama da na shiga, kuma a na ƙarshe har ƙusoshin da ke riƙe da gefen ciki ake ƙirgawa.

Akwai wasu ƙungiyoyin: Rebel Legion ta masu kayan ɓangaren jarumai, da Mandalorian Mercs da aka kafa a 2007, wadda ta fi sassauci domin tana barin mutum ya zaɓi launinsa da adonsa muddin ya bi tsarin asali. Masu sulken wasan bidiyo na Halo su ma suna da tasu, 405th.

Kamfanin Lucasfilm, mai haƙƙin mallakar fina-finan, ya rungumi waɗannan mutane. Sunan rundunar 501st ya shiga cikin labarin a hukumance, an tara mambobi kusan 200 sun yi fareti a bikin Rose Parade na 2007 a birnin Pasadena na Amurka, sannan an gayyato wasunsu da kayansu suka fito a shirin The Mandalorian na 2019. Wato sulken da aka haɗa a gareji ya kai ga shiga fim ɗin gaske ba tare da mai kallo ya lura ba. Ƙungiyar ba ta karɓar kuɗin fita taro. Takan nemi wanda ya gayyace ta ya ba wata gidauniyar agaji, kuma ziyarar asibitocin yara na cikin manyan ayyukanta.

Kayan aiki

Hanyar da aka yi na asali ita ce har yanzu aka fi daraja. Ana gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi a kan uwar ƙira, a zuƙe iskar da ke tsakani, sai robar ta lafe ta ɗauki siffar. Mutane kaɗan ne ke da injin yin haka, don haka yawanci sayen sassan ake yi daga ƙananan masu ƙira, su iso cikin babban kwali ba a yanke ba, ba a haɗa ba. ABS aka fi so domin tana lanƙwasa ba ta karye ba kuma da sheƙinta take zuwa. Akwai wata mai araha da ake kira HIPS, amma tana saurin tsagewa kuma sai an yi mata fenti.

Ga wasu irin sulken ana amfani da faiba, ko soso mai tauri irin na shimfiɗar motsa jiki, ko a yanka kwali bisa tsarin da manhajar Pepakura ta Japan ke fitarwa a ƙarfafa shi da ruwan faiba. Injin ɗab'i na 3D, mai fitar da abu da jikinsa, ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai abin da ya fitar yana zuwa da layi-layi da sai an cike an goge sau da dama.

Abu ɗaya da masu harkar suka tsana shi ne mutum ya sayi aikin wani mai ƙira ya yi amfani da shi a matsayin uwar ƙira yana sayarwa. Suna ɗaukar hakan sata, kuma kwafin yakan fito da ƙanƙancewa da dakushewar gefuna.

Yanka da gwaji a jiki

A nan ne aikin yake, kuma a nan ake gane gwani. An yi sulken asali ne don siraran maza matsakaitan tsawo, masu sha'awarsa kuwa akwai dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, mata da maza. Ma'auni bai damu da wannan ba, siffa ɗaya yake nema. Mai haɗawa yana tsakanin abu biyu ke nan, hoton fim da jikinsa, kuma duk wanda ya bi ɗaya ya manta ɗayan zai ƙare da kayan da ko dai ba za a amince da su ba ko ba za su sawu ba.

Ana fara da rage robar da ta yi saura a gefen kowane sashe. Akan ja layi da fensir, a bi shi da kaifin wuƙa sau biyu ko uku ba tare da an huda ba, a lanƙwasa sai ya ɓalle a kan layin. Wurare masu lanƙwasa kuma da almakashi mai gajeren baki ake bi. Ƙa'idar da kowa ke maimaita wa sabon shiga ita ce ya rage kaɗan-kaɗan, kamar tela da ke barin sarari a ɗinki, domin robar da aka yanke ba ta komawa.

Sassan hannu da ƙafa biyu-biyu suke zuwa, gaba da baya. Ana haɗa bakinsu, a rufe mahaɗar da siririn fallen roba: kimanin milimita 15 a hannu, 20 a cinya da gaban ƙwauri, 25 a bayan ƙwauri, inda ake barin wajen buɗewa don ƙafa ta shiga. Kafin a sa gam, sai an ɗaure sassan da tef an gwada a kan baƙar rigar ciki mai kama jiki, da takalmi a ƙafa, a taka, a ɗaga hannu, a hau matakala. Yawancinsu sun fi son gam ɗin E6000 duk da yana cin kusan awa 24 kafin ya kama, saboda in an yi kuskure ana iya ɓamɓare shi ba tare da robar ta lalace ba. A tsawon wannan lokaci maganaɗisu masu ƙarfi da matsi ne ke riƙe mahaɗar. Shi ya sa aikin kan ɗauki makonni ko watanni, akasarinsu a jiran gam.

Wanda jikinsa ya fi sulken yakan ƙara falle tsakanin sashen ciki da na ƙugu, ya cike mahaɗar da kunun roba, wato gutsattsarin ABS da aka narkar a cikin sinadarin asiton, ya goge ya sa mata sheƙi har ta ɓace. Gajere kuma yakan rage saman cinya da ƙasan ƙwauri, amma ya kiyaye siffar gefen. Inda sashe ya matse ko ya buɗe da yawa, ana tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci a lanƙwasa a riƙe har ya huce. Bindigar zafi, wato na'urar da ke hura iska mai zafi, ta fi sauri, amma daƙiƙa kaɗan na sakaci kan narkar da sashen gaba ɗaya.

Daga ciki, maɓallai da robar talewa da madauri ne ke riƙe komai: ƙirji da baya ta kafaɗa, cinyoyi a rataye daga ɗamara, damtse daga murfin kafaɗa. Burin shi ne baƙin da ke leƙowa tsakanin sassa ya zama kaɗan kuma daidai a hagu da dama. Gefen da ba a goge ba yakan ciji fata a bayan gwiwa da cikin gwiwar hannu, kuma duk wanda ya yini a cikin sulke ya san wannan ciwo. Domin irin waɗannan dabaru ba sa koyuwa daga rubutu kaɗai, mambobi kan taru a gidan ɗayansu da kayan aikinsu, tsofaffin hannu suna auna wa sababbi.

Kwalkwali aikinsa daban ne. Haɗa fuska da ƙeya, da sassaƙa murfin kunne har ya lafe, shi ne abin da ya fi ba mutane wahala. A ciki ana sa soso, da ƙananan fankoki masu batir don hana gilashi yin hazo, wani lokaci da lasifika mai sauya murya.

Shari'ar Lucasfilm da Ainsworth

A 2004 Andrew Ainsworth ya fara sayar da kwalkwali da sulke ga masu sha'awa. Lucasfilm ya kai shi ƙara, wata kotu a Kalifoniya ta ci shi tarar dala miliyan 20 a 2006. Da shari'ar ta koma Birtaniya, babbar tambayar ita ce: kwalkwalin aikin sassaƙa ne na fasaha, ko kayan aiki ne na fim? A watan Yuli na 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da cewa ba aikin sassaƙa ba ne, don haka gajeriyar kariyar da doka ta ba shi a ƙasar ta riga ta ƙare. Ainsworth ya ci gaba da sayarwa a Birtaniya, amma ba a Amurka ba.

Sawa da kiyaye lafiya

Mai sanye da cikakken sulke ba ya ganin ƙafarsa, ba ya iya zama yadda ya kamata, kuma yaro na iya tsayawa a gabansa bai sani ba. Saboda haka a taruka akan haɗa su da masu rakiya marasa sulke, da ke ja musu gora suna kuma lura da alamar galabaita, domin zafi ne babban haɗarin. A wajen aiki kuma tururin gam da asiton da ƙurar faiba suna cutar da huhu, sai a fili ko da abin rufe hanci na gaske.

Bindigar wasa ma tana jawo matsala. A watan Mayu na 2020, 'yan sanda a garin Lethbridge na Kanada sun tsare wata ma'aikaciyar gidan abinci da ke sanye da wannan sulke riƙe da bindigar roba, bayan an kira su cewa an ga mai makami. Manyan taruka suna duba kowane makamin kwaikwayo a ƙofa su ɗaura masa alama, wasu kuma sun hana shiga da shi sam.

Farar ABS tana komawa ruwan ɗorawa idan ta daɗe a rana. Ana rage hakan da ajiya a akwati mai duhu, kuma wasu kan dawo da farin ta hanyar shafa sinadarin haidurojin feroksaid su shanya. Tsagewa ta fi faruwa a madaurin kafaɗa da gefen ƙirji, inda robar ke lanƙwasa kullum, kuma akan tare ta daga ciki da ƙyalle da gam ko ƙarin falle kafin ta yi nisa.